Bishiyar Da Ta Ƙwace Mutuwa: Leƙe Cikin Tatsuniyar Wasan Elden Ring

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin adabin baka ya san cewa tatsuniya ba ta da gida ɗaya. Da can a bakin kaka take, a tsakar gida bayan an ci tuwon dare, daga baya ta shiga littafi, ta shiga rediyo da fim. A wannan zamani kuwa, wani babban kaso nata ya koma cikin wasannin bidiyo da matasa ke bugawa a kwamfuta da na'urori irin su PlayStation da Xbox. Da yawa daga cikinmu kallon ɓata lokaci muke yi wa waɗannan wasanni, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a wannan kallo ba. Sai dai akwai wasannin da masu su suka zauna suka ƙirƙiro musu duniya sukutum, da sarakunanta da abubuwan bautarta da yadda mutanenta ke rayuwa da yadda suke mutuwa, har ta kai mai nazarin adabi zai iya baje kolinsa a kansu kamar yadda zai yi wa kowane ƙagaggen labari.

Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni, wato Elden Ring, musamman wata ƙatuwar bishiya da ke tsakiyar labarinsa, wadda mutanen cikin wasan ke bauta wa, kuma suka ɗauke ta a matsayin mai tsaron makomar matattunsu. Ina jan hankalin mai karatu tun da wuri cewa duk wata magana ta bauta da makomar ruhi da za ta zo a nan, ta cikin ƙagaggen labari ce, kamar dai yadda muke maganar Dodo da Gizo ba tare da wani ya ɗauke su gaskiya ba. Haka kuma wanda yake da niyyar buga wasan ya sani cewa zan fasa masa ƙwai, domin ba yadda za a yi bayanin bishiyar ba tare da an taɓo ƙarshen labarin ba.

Wasan da masu shi

Kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ne ya shirya wasan, aka fito da shi ranar 25 ga Fabrairu, 2022. Hidetaka Miyazaki ne ya jagoranci aikin, shi kuwa marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, wanda aka gina fim ɗin Game of Thrones a kan littattafansa, shi ya tsara tarihin da da na duniyar wasan. Cikin ƙasa da mako uku aka sayar da kwafi miliyan 12, a watan Disambar 2022 ya ci kyautar gwarzon wasa na shekara a bikin The Game Awards, zuwa shekarar 2025 kuma cinikinsa ya haura miliyan 30.

Wani abu da ya kamata a sani shi ne, wannan wasa ba ya zaunar da mutum ya ba shi labari daga "ga ta nan" zuwa "ƙurunƙus". Labarin a warwatse yake. Wani guntu yana rubuce a bayanin takobin da ka tsinta, wani a jikin sulke, wani a bakin wata tsohuwa da ka tarar a gefen hanya, wani kuma ba a faɗa ba sam, sai dai ka gani da idonka a tsarin gini ko yadda aka jera gawarwaki. Mai wasa ne zai tattara ya ɗinke, kamar yadda mai binciken tarihin baka ke haɗa ruwayoyin dattawan gari.

Wace ce bishiyar?

Sunanta a Turancin wasan Erdtree, a Japananci kuwa ma'anar sunanta ita ce Bishiyar Zinare, kuma da wannan suna zan riƙa kiranta. Da zarar mai wasa ya fito daga kogon da aka fara ajiye shi, ya buɗe ƙofa zuwa filin Limgrave, abin da zai fara cika masa ido ke nan: bishiya mai walƙiya kamar narkakken zinare, gangar jikinta ta fi duwatsu tsawo, rassanta sun rufe rabin sama. Kusan duk inda ka tsaya a doron Ƙasashen Tsakani, kamar yadda ake kiran duniyar wasan, in ka ɗaga kai za ka gan ta. Babban birnin ƙasar, Leyndell, a gindinta aka gina shi.

Shin ita ce abar bautar da kanta? A nan sai an yi taka-tsantsan. A can sama akwai wani ƙarfi da ba a taɓa ganinsa ba, wanda ake kira Babban Nufi. Shi ya aiko da abin da ake kira Elden Ring, wanda duk da sunansa ba zoben sawa a yatsa ba ne. Tarin hatimai ne da aka sarƙa da juna, kowane hatimi yana ɗauke da wata doka daga cikin dokokin da duniyar ke gudana a kansu. Wata mace mai suna Marika ce ta zama ma'ajiyar wannan zobe, don haka ta zama sarauniya kuma abar bauta. Bishiyar kuwa ita ce fuskar wannan tsari da kowa ke iya gani, kuma a cikinta zoben da Marika suke. Talakan ƙauye bai taɓa ganin Marika ba, bai san Babban Nufi ba sai a bakin malaman fada, amma bishiya kullum tana bisa kansa. Saboda haka ita yake fuskanta in zai yi roƙo, ita yake fata ta karɓe shi in ya mutu. An ce a farkon zamaninta har wani ruwa mai albarka take ɗigowa, mai warkar da cuta, sai dai wannan zamani na yalwa bai daɗe ba. Bayan ruwan ya ƙafe, sai imani da ita kawai ya rage.

Yadda aka cire mutuwa daga doka

Masu iya magana na cewa mutuwa rigar kowa. To, abin da Marika ta fara yi da ta kafa mulkinta shi ne ta tuɓe wa duniya wannan riga. Ta zare Hatimin Mutuwa daga cikin zoben, ta damƙa shi ga wani ɗan'uwanta mai siffar dabba, Maliketh, ya kulle shi a cikin takobinsa. Daga wannan rana aka kafa abin da ake kira Tsarin Zinare, wato addini da dokar ƙasa a haɗe. Ma'anar wannan ita ce, ita da 'ya'yanta ba mai iya kashe su sai wanda ke riƙe da takobin, kuma wanda ke riƙe da takobin nata ne.

To sauran jama'a fa? Su ma tsohuwar hanyar mutuwa ta toshe musu, aka buɗe musu sabuwa guda ɗaya tak, wato komawa ga bishiya. Idan mutum ya mutu, sai a kai gawarsa inda saiwoyin suka ratsa, saiwa ta zuƙe shi, ruhinsa ya koma cikin bishiyar. Wannan ne ya sa aka giggina kusheyin ƙarƙashin ƙasa a sassa daban-daban, kuma duk wanda ya buga wasan zai tuna yadda suke. Za ka bi dogon lungu mai duhu, ka tsallake tarkuna, ka yi faɗa da wasu gumakan dutse masu kama da kyanwa da aka ajiye don gadi, a ɗaki na ƙarshe kuma ka tarar da bango ya tsage, manyan saiwoyi sun kutso, gawarwaki cunkushe a jikinsu, wasu rabinsu ya riga ya narke ya zama itace. Ni dai ganin farko da na yi wa wannan ɗaki tsigar jikina ta tashi, amma a wurin mutanen ƙasar wannan shi ne kyakkyawan ƙarshe. Jana'izar bishiya ma lambar girma ce da ake ba jarumai. Akwai wata barde mai suna Lhutel da ta sadaukar da ranta don ta ci gaba da gadin ubangidanta bayan mutuwa, ladan da aka ba ta shi ne aka binne ta a jikin saiwa. Hatta manyan abokan gaba da mai wasa zai kashe, ana cewa tunaninsu da tarihinsu ana sassaƙa su ne a jikin bishiyar.

A nan ne masu wasan suka ɓoye wani bayani da nake ganin shi ne mabuɗin labarin baki ɗaya. A bayanin wasu tsafe-tsafe da mai wasa zai samu, an nuna cewa kafin a yi Bishiyar Zinare mutane suna da tasu hanyar sallamar matattu. Ƙona su ake yi da wata wuta mai sanyi, wadda wasu manyan tsuntsaye masu kama da ƙwarangwal ke kula da ita. Har yanzu akan ci karo da ragowar waɗannan tsuntsaye da dare a wasu kufai. Wato ke nan bishiyar ba ta tarar da gurbi babu kowa ba. Akwai masu tsaron matattu kafin ta, ture su aka yi aka ɗora ta, aka kuma mayar da tsohuwar al'ada haramtacciya. Wanda duk ya riƙe ƙofar da kowa zai bi a ƙarshen rayuwarsa, kuma yake da ikon buɗe wa wannan ya rufe wa wancan, ba ya bukatar ajiye dakaru a kowane ƙauye. Tsoron kada a hana mutum shiga ya isa ya sa shi biyayya.

Daren Baƙaƙen Wuƙaƙe

Tsarin ya yi ta tafiya har zuwa wani dare da aka saci ɓangaren Hatimin Mutuwa daga hannun Maliketh. Wadda ta kitsa satar ita ce Ranni, ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan sarauta, wadda aka zaɓa don ta gaji Marika amma ba ta son zama baiwar Babban Nufi. Da wannan ɓangare aka shafe wasu wuƙaƙe, wasu mata makasa suka afka wa Godwyn, ɗan Marika da ake yi wa laƙabi da Na Zinare, suka kashe shi. A daidai wannan lokaci ita ma Ranni ta kashe nata jikin. Da yake mutuwa ɗaya ce aka raba wa mutum biyu, sai kowannensu ya sami rabi. Ranni jikinta ya mutu ruhinta ya tsira, ta koma zaune cikin wata 'yar tsana mai hannu huɗu. Godwyn kuwa ruhinsa ya mutu, jikinsa ya ƙi mutuwa.

Mai karatu ya lura da abin da ya biyo baya, domin a nan dabarar marubutan ta fi fitowa. Ɗan sarki ne, jarumi ne, don haka aka yi masa jana'izar da ta fi kowace daraja, aka kai shi can ƙarƙashin birni, gindin saiwar bishiyar. Amma babu ruhin da saiwa za ta zuƙa. Abin da aka binne gangar jiki ce mai rai wadda ke ɗauke da tabon Hatimin Mutuwa. Sai jikin ya ci gaba da girma a cikin duhu, ya kumbura, ya canja kama har ƙasansa ya koma kamar wutsiyar kifi, mutuwar da ke cikinsa kuma ta bi saiwoyi ta bazu ko'ina, kamar yadda guba ke bin magudanar ruwa ta shiga kowane gida. Hatta a ƙarƙashin ganuwar Stormveil, mai nisan gaske daga babban birni, mai wasa zai tarar da wata ƙatuwar fuska irin ta Godwyn ta tsiro daga ƙasa. Duk inda wannan cuta ta ɓulla sai wani baƙin tsiro ya fito, wanda ake kira Saiwar Mutuwa, matattun da ke kusa kuma su kasa komawa ga bishiya, su miƙe su ci gaba da yawo. Su ne ake kira Masu Rai Cikin Mutuwa. A fagen wasa ƙwarangwal ne da in ka buge shi ya zube, sai ya sake harhaɗuwa ya tashi, sai fa in ka ƙara masa bugu yana kwance ko ka yi amfani da makami mai tsarki.

Hanyar da aka shimfiɗa don tattara matattu wuri ɗaya, ita ce dai ta rarraba annoba ga ƙasa duka. Da kowane gari na da tasa maƙabartar da tasa al'adar, da ɓarnar ta tsaya inda aka binne Godwyn. Bayan wannan dare ne Marika ta farfasa zoben da guduma, 'ya'yanta suka wawashe gutsattsarinsa suka shiga yaƙin da ba wanda ya ci, ita kuma aka ɗaure ta a cikin bishiyar. Shi kuwa Maliketh, baƙin cikin sakacinsa ya sa ya cusa ragowar hatimin a cikin naman jikinsa, ya ɓad da kama ya koma wani kango da sunan Gurranq, yana roƙon a kawo masa Saiwar Mutuwa ya cinye ko ya rage ɓarnar. Guda 9 mai wasa zai iya kai masa, kuma ko bayan ta tara yunwarsa ba ta kwanta ba.

Waɗanda aka rufe wa ƙofa

Masu Rai Cikin Mutuwa ba su zaɓi halin da suke ciki ba, amma Tsarin Zinare bai da gurbin da zai sa su, don haka ya yanke cewa su ƙazanta ne, a farauce su. Mai wasa zai haɗu da wani maharbinsu mai suna D, mutum mai ladabi da riƙon amana, wanda ya yi imani da gaske cewa aikin alheri yake yi. Abin tausayi a labarinsa shi ne, shi da tagwaininsa ruhi ɗaya suke rabawa a jiki biyu, ko'ina an ƙyamace su sai Tsarin Zinare ne ya karɓe su, shi ya sa ya riƙe shi hannu bibbiyu. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Fia, wata mace da ta ɗauki kanta a matsayin uwa ga waɗannan matattu marasa gata, wadda burinta shi ne a gyara doka a ba su wurin zama. Ita ce ta kashe D, daga baya kuma ɗan'uwansa ya biyo sawu don ɗaukar fansa. Wasan bai ce ga mai gaskiya a cikinsu ba. Sai dai ya sa wani babban masanin Tsarin, mai rufe fuska da zinare, yana takaicin yadda maharban suka zama masu tsattsauran ra'ayi, waɗanda abin da suke nema kawai shi ne wani mugu da za su ɗora wa dukkan laifi.

Ba matattu kaɗai aka ware ba. Akwai jariran da ake haifa da ƙahoni a jiki. In 'ya'yan talakawa ne sai a yanke ƙahonin, yawancinsu su mutu a wurin yankan, in kuwa jinin sarauta ne sai a jefa su cikin magudanan ƙazanta na ƙarƙashin birni, a ɗaure. Marika da kanta ta haifi tagwaye irin waɗannan, Morgott da Mohg. Labarin Morgott ne ya fi taɓa ni a wasan gaba ɗaya. Bayan duk 'yan'uwansa masu hasken zinare sun watse suna yaƙin neman mulki, shi da aka jefar a lambatu shi ne ya fito ya tsare birnin da bishiyar, yana ɓoye kamanninsa, yana kiran sauran maciya amana. Bishiyar ba ta taɓa buɗe masa ƙofa ba, kuma ya san ba za ta buɗe ba, amma a bakin wannan ƙofa ya mutu yana kare ta. Bahaushe zai ce son maso wani.

Akwai ma wanda ya yi ƙoƙarin dasa wata bishiyar daban don waɗanda aka kora, wato Miquella, ɗan Marika, wanda ya shayar da tasa da jinin jikinsa a can ƙuryar arewa. Ta girma, amma ba ta kai ga zama Bishiyar Zinare ba, aka sace shi daga cikinta, ta ruɓe.

Daga ina wannan tunani ya samo asali?

Haɗa bishiya da matattu tsohon abu ne a tatsuniyoyin duniya. A tatsuniyar mutanen arewacin Turai, wadda Snorri Sturluson na ƙasar Aisland ya rubuta a wajen shekarar 1220, akwai bishiyar Yggdrasil mai saiwa uku, ɗaya daga ciki ta gangara zuwa duniyar sanyi da duhu inda wani gansheƙen maciji ke gaigayar ta. Kamanninta da bishiyarmu, wadda ita ma ɓarna ke cin ta daga saiwa, a bayyane yake. A tsohuwar Masar kuwa, a kabarin wani ma'aikaci mai suna Sennedjem da ke Deir el-Medina kusa da Luksor, wanda ya haura shekara 3,000, an zana wata abar bauta tana fitowa daga jikin ɓaure tana miƙa wa mamacin da matarsa gurasa da ruwa. Ita wannan mai masauki ce, tana tarbar baƙo, ba ta tambayar takardarsa.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa na nan Afirka ta Yamma ne. A wasu yankunan Sanagal, musamman tsakanin Serer, har zuwa shekarun 1960 ba a binne maroƙa da mawaƙan gado a ƙasa. A kogon kuka ake sa gawarsu, bisa camfin cewa tunda ba su noma ƙasa ba, in aka sa su a cikinta za ta daina ba da amfani. A can wanda aka ware ake kai wa bishiya, a wasan kuwa wanda aka ware ake hana wa bishiya, amma a duka biyun wurin da aka ajiye gawa shi ke faɗin matsayin mai ita. A gida kuma, ɗaliban da suka karanta Tarihin Kano za su tuna cewa wurin bautar Tsumburbura bishiya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Ita ba a ce tana karɓar matattu ba, don haka kada a ja kamannin ya wuce inda ya tsaya, amma bishiya mai katanga da mutum ɗaya ke riƙe da ƙofarta abu ne da kunnenmu ya saba da shi.

A cikin wasannin ma Elden Ring ba shi ne farau ba. Final Fantasy IX, wanda kamfanin Square ya fitar a shekarar 2000, yana da bishiyar Iifa, wadda wani mai suna Garland ya dasa don ta tare rayukan matattun wata duniya, ta hana su komawa tushensu, saboda rayukan tasa duniyar su maye gurbinsu. Dusar da ke fita daga wannan tacewa ita ce hazon da ya lulluɓe nahiya guda, har ake tuƙa jiragen sama da shi. Sai dai a can tun farko an nuna maka bishiyar muguwa ce. Bishiyar Zinare kuwa kyakkyawa ce ƙwarai, kuma haskenta ne ke nuna maka hanya tun daga farkon wasa, shi ya sa mutum kan daɗe kafin ya fara zarginta.

Ƙona bishiya

Shi kansa mai wasa yana cikin waɗanda aka taɓa kora. Yana daga cikin Dusassu, wato zuriyar mayaƙan da Marika ta zare wa hasken alfarma daga idanu, ta kore su tare da mijinta na farko, Godfrey, suka je suka mutu a wasu ƙasashe. Bayan zobe ya farfashe sai hasken ya dawo ya tashe su, ya kira su gida su zo su gyara. Wannan ne ma bayanin da labarin ya bayar na dalilin da ya sa in an kashe ka a wasan, kuma za a kashe ka sau ɗaruruwa, sai ka farka a wurin hasken da ka huta na ƙarshe. Abin da a wasu wasanni dabara ce kawai ta ba mai wasa dama ta biyu, a nan an ɗinke shi da jigon labari.

Bayan doguwar wahala, ka kayar da Morgott, ka isa bakin bishiya, sai ka tarar da sarƙaƙiyar ƙaya ta toshe ƙofar. Bishiyar da ta kira ka ba ta son kowa ya shiga. Hanya ɗaya ta rage, wato a cinna mata wuta, wanda shi ne zunubi mafi girma a Tsarin Zinare. Za ka hau duwatsun ƙanƙara zuwa wata tsohuwar maƙera ta samudawan da Marika ta hallaka, a can abokiyar tafiyarka Melina za ta ba da kanta a matsayin makamashi. Ko da hakan wutar ba ta gama aiki ba sai ka je ka kashe Maliketh, Hatimin Mutuwa ya kuɓuta, mutuwa ta dawo duniya. Sa'annan ne ƙayar za ta cinye, toka ta binne birnin Leyndell har zuwa rufin gidaje.

Wasan yana da ƙarshe iri 6, kuma kusan kowannensu amsa ce ga tambayar me za a yi da matattu. Kana iya ɗinke zoben yadda yake ka hau karaga. Kana iya sa hatimin da Fia ta samar, Masu Rai Cikin Mutuwa su sami gurbi a doka. Akwai wani mugun mutum da ke shuka la'ana a jikin gawa don ruhinta ya kasa komawa ga bishiya har abada, in ka bi shi sai la'anar ta game kowa, bambanci ya ƙare tunda duk an zama ɗaya a ƙazanta. Kana iya bin Ranni, ta ɗauke tsarin gaba ɗaya ta yi nisa da shi cikin taurari, a bar mutane su ji da kansu. Akwai kuma hanyar wata mahaukaciyar wuta da ke narkar da komai. Ni na fi karkata ga ta Ranni, ko da yake ban manta cewa ita ce ta sa aka kashe Godwyn ba, kuma duk ƙwarangwal ɗin da ke yawo a ƙasar sanadinta ne.

A ranar 21 ga Yuni, 2024 aka fito da ƙarin wasan mai suna Shadow of the Erdtree, wanda ya kai mai wasa wata ƙasa da aka lulluɓe aka ɓoye, mai tata bishiyar baƙa, karkatacciya, wadda ita ce inuwar ta zinaren. A nan ne aka nuna asalin Marika. 'Yar wani ƙaramin ƙauye ce, kuma wata al'umma mai ƙahoni da ke mulkin yankin ta riƙa kama mutanenta, ana yi musu bulala ana cusa su cikin manyan tuluna da sunan tsarkakewa. A fahimtata, daga nan ƙiyayyarta ga ƙaho ta samo tushe, haka ma ƙudurinta na cewa ba wani nata da zai sake mutuwa. Idan mai wasa ya gano hanyar ƙauyen, zai tarar ba abokin gaba ko ɗaya a cikinsa, sai furanni da gidajen da ba kowa. A tsakiyarsa akwai wata 'yar ƙaramar bishiyar zinare mai warkarwa da Marika ta bari, alhali ta san ba wanda ya rage da za a warkar. A kan tudu kuma, cikin kogon wata busasshiyar bishiya, akwai kitson gashinta da ta yanke ta ajiye kafin ta tafi.